Layi na Takwas

Ranar Laraba da hantsi Alhaji Maikasuwa ya ba ni wa'adi, ko zama bai yi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin famfo, babbar rigarsa ta tare mini haske, ya ce, "Muhsina, daga yanzu zuwa saukowa daga masallacin Juma'a. In ruwa bai taso ba, guduma za ta buɗe akwatunan nan, kowa ya ja ruwansa da hannu yadda muka saba tun kafin a haife ki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka fasa su ai ba sa gyaruwa."

"Albasa ma in ta mutu ba ta gyaruwa," in ji shi. Ya juya ya yi tafiyarsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa.

Alhaji Maikasuwa shi ne shugaban manoman rani na fadamar Tsamiya Biyu a ƙasar Roni. Manoma arba'in da 'yan kai, rijiyar burtsatse ɗaya mai aiki da sola, layin ruwa takwas. Kowane layi da bawul ɗinsa a cikin akwatin ƙarfe, wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin famfo ce ke buɗe su bi da bi, kowa awa ɗaya. Yayana Sharfuddeen ne ya haɗa abin shekara huɗu da suka wuce, bayan an sari wani da fartanya a kan ruwa. Shi ya cire maɓallan hannu, ya sa aka like akwatunan da walda, ya ce muddin hannun mutum na kaiwa ga bawul, to mai ƙarfi ne zai sha. A da haka ake yi. Na sama su sha su ƙoshi, na ƙasa su tsaya kallon magudana.

Layi na takwas shi ne na can ƙarshe, a kan rairayi, inda ruwa ba ya kwana. Nan gonar Yaya take. Watansa bakwai da rasuwa, ya bar matarsa Rahamatu da 'ya'ya uku da fangali talatin na albasa, ba su da wani abu bayan wannan. In aka koma ja da hannu, ko ɗigo ba zai isa wajenta ba. Kowa ya san haka, har shi Alhajin, wanda gonarsa ke layi na ɗaya.

Ranar Litinin da yamma wutar sola ta yi wani tsalle. Da safiyar Talata kwamfutar ta tashi lafiya lau, amma shirin da ke raba ruwan ya ƙi motsi, daidai wurin da yake kwance a faifan ajiyar kwamfutar ne ya lalace. Aka kira ni don ni ce ƙanwar wanda ya haɗa shi, kuma ni ce na yi karatun kwamfuta a Kazaure. Karatun da tun da na gama shi buga takardu nake yi a ofis. Baƙin allon nan mai rubutu zalla, rabona da shi tun ajin ƙarshe.

Shiri irin wannan kamar riga yake. Mai shi zai rubuta shi da harshen da mutum ke iya karantawa, na'ura ta mai da rubutun gutsi-gutsi, kowane gutsure fayil ne mai wutsiyar .o, kamar yadin da tela ya riga ya yanka. Sannan wani tsohon umarni mai suna ld ya ɗinke su su zama riga. To rigar ce ta lalace. Yankakken yadin na nan, Yaya ya zuba su cikin buhu ɗaya mai suna libruwa.a ya ajiye a kwamfutar. Rubutun asalin kuwa, wanda da shi za a iya sake komai tun daga tushe, a laftof ɗinsa yake.

Laftof ɗin ni na goge shi.

Da aka yi rabon gado sai ya faɗo a kason Umma. Ta ce ba za ta iya ganinsa a ɗaki ba, a ba Rilwanu ɗan ƙanwarta da ke Babura sadaka, ladan ya kai ga mai shi. Sai ni mai ilimi, ni mai hangen nesa, na ce ba za a miƙa shi haka ba, akwai hotunan iyalinsa da wasiƙunsa a ciki, dole a rufa wa mamaci asiri. Na zauna na share shi tas, har sau biyu don kada wani gwani ya tono. Ko buɗe jakunkunan ciki ban yi ba, don ina gudun in ga fuskarsa in yi kuka. Na tashi ina jin na yi wa Yaya abin kirki.

Da Alhaji ya tafi na ja kujera na zauna. Na tuna da ar, umarnin da ke zuba gutsattsari a buhu ya kuma fito da su. Na buga ar x libruwa.a, ya zazzage mini buhun. Ga layi1.o har zuwa layi8.o, ga famfo.o, ga agogo.o, ga rabo.o. Raina ya ɗan yi sanyi. Na jera su na miƙa wa ld, na ce bismillah.

Ya tofo mini Turanci layi takwas, duk magana ɗaya: an kira wani abu mai suna juya_layi, ba a same shi ba.

Na sake. Na sauya jeri na sake. Na kashe kwamfutar na kunna, irin dabarar 'yan ofis, na sake. Ko gezau. Sai na koma ga nm, wanda ke lissafo sunayen da ke cikin kowane gutsure. A nan ne idona ya cika, don Yaya da Hausa yake raɗa wa ayyukansa suna: bude_bawul, rufe_bawul, duba_rana, jira_kadan. Kamar ina jin muryarsa. Duk sunan da gutsure ya mallaka, nm zai sa masa harafin T a gefe. Wanda kuma yake nema a wajen wani, sai ya sa masa U. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, juya_layi ya fito sau takwas, duk da U. Layuka takwas na kiran suna ɗaya, kamar 'ya'ya na kiran uba a gidan da babu shi.

Da la'asar na leƙa ta taga na hango Rahamatu. Jarka take ɗauka a ka daga wani kududdufi da ke bayan tsamiyoyin, tafiya mai nisa, ta zo ta tsiyaya a gindin albasa, rairayi ya shanye kafin ta miƙe. Ta ɗago mini hannu, ni ma na ɗaga mata. Ban fita ba, don ban san da wane baki zan yi mata magana ba.

Alhamis da sassafe na kwashi komai a filas ɗin kwamfuta, na ɗauki ƙaramin laftof ɗin ofishinmu, na shiga motar Babura. Na san wauta ce. Abin da na share sau biyu da hannuna nake bi, wai ko Allah zai sa ban iya sharewa ba. A duk rayuwata ranar ce kaɗai na yi addu'ar in zama ban iya aikina ba.

Na sami Rilwanu a rumfarsa ta gyaran waya, kansa a sunkuye a kan wata waya da ya farke. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ajiye sukundireba ya dube ni.

"Anti, ai laftof ɗin nan ya daɗe da tsallaka iyaka. Wani ɗan Magariya ya ɗauka tun kafin kaka."

"Kana da lambarsa?"

"Ko sunansa ban riƙe ba. Kuma ko da yana nan, ba ke kika ce mini kin goge sau biyu ba? Na duba da kaina, wallahi aikinki ya yi kyau, ko ƙura babu."

Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba. Na zauna a bencinsa, a gaban masu jiran waya, na rufe fuska da mayafi na yi kukana. Rilwanu ya rasa yadda zai yi da ni, ya kawo ruwa, ya kawo lemo, duk ban taɓa ba. Can ya ce, "Malamin nan nasa fa? Malam Zaharadeen, wanda ya koma Gwiwa. Yaya Sharfu ba ya minti goma yana hira bai ambace shi ba."

Na kira lambar da ya samo mini tun daga Babura har Kazaure, a kashe. Kafin in isa gida rana ta yi ƙasa, babu halin Gwiwa. Kwana ɗaya cur na ƙona a kan hanya, albasar Rahamatu na kwana na uku babu ruwa.

Juma'a ina idar da sallar asuba na hau acaɓa. Malam Zaharadeen ya koyar da kwamfuta shekara da shekaru a Kazaure, da ya yi ritaya sai ya koma kan shanun mahaifinsa. Na same shi a bayan gari, a gindin wata ƙirya, tabarau mai kauri a hanci, yana kallon ana ba maruƙa dusa. Da ya ji ko ni wace ce sai ya shiga ta'aziyya. Ya yi wa Yaya addu'a, ya tambayi Umma, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya koma ya ba ni labarin ranar da Yaya ya fara shiga ajinsa. Ina durƙushe ina amsa amin. Allah ya yafe mini, na so in kama tsohon nan in girgiza shi.

Da ƙyar na samu na kutsa maganata. Na buɗe laftof, na nuna masa kukan ld, na nuna masa U takwas. Na gaya masa abin da na yi wa rubutun asali, ban rage komai ba. Bai ce mini kin kyauta ko ba ki kyauta ba.

Ya ce, "'Yata, nawa ne a cikin buhun?"

"Allah gafarta Malam, duk na zazzage su."

"Ban tambaye ki ko kin zazzage ba. Nawa ne a ciki, nawa suka fito?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Mu nan in aka koro shanu da yamma, ba ma cewa garke ya dawo don mun ga ƙura. Sai mun tsaya a bakin shinge mun ƙirga. Buga ar t, ya lissafo miki na cikin buhu ba tare da ya taɓa su ba."

Na buga. Ya sa na ɗora yatsa a allo ina ƙirgawa da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya. Goma sha biyu. Ya ce in ƙirga waɗanda suka fito. Goma sha ɗaya. Na koma kan jerin buhun, sai ga shi ƙuru-ƙuru: rabo.o a sama, rabo.o kuma a ƙasa. Kwana biyu ina kallon allon nan.

"Biyu ne masu suna ɗaya," in ji Malam. "Buhu bai damu ba, zai riƙe su duka. Amma da kika zazzage a wuri ɗaya, na biyun ya faɗo a kan na farko ya danne shi. Halin Sharfu ne wannan, na yi faɗa har na gaji, ba ya sauya wa fayil suna."

Ya sa na buɗe wata jaka daban, ya karanto mini ina bugawa: ar xN 1 libruwa.a rabo.o, wato a ciro na farkon shi kaɗai. Na sauya masa suna, na tura masa nm. Ga juya_layi, da T a gefensa. Na miƙe zumbur har laftof ya kusa faɗuwa.

"Zauna, da saura," in ji shi. Ya yago takarda ya rubuta mini kan umarnin da wutsiyarsa, kayan haɗin da ld ke buƙata ga kowane shiri. "Sai ki kula da wannan. Sharfu bai rubuta wanda zai fara sha da wanda zai bi baya a ko'ina ba. Dabarar ni na koya masa: yadda kika jera wa ld layukan nan, haka za a ɗinke su, haka kuma za su sha. Jerin da ke cikin buhu shi ne nasa."

Na dubi jerin. Ɗaya a farko, takwas a ƙarshe.

Mai acaɓan da ya ɗauko ni daga Gwiwa ya sha masifata. Ya ce hanya ba kyau, na ce ban tambaye shi ba. Duk da haka ana sallame Juma'a muka shiga Roni, kafin mu gangara fadama mutane sun riga mu. Sun cika gaban ɗakin famfo da fararen kayansu, wani ƙato na riƙe da guduma a kafaɗa, har ya naɗe hannun riga.

Na durƙusa gaban Alhaji Maikasuwa. "Ranka ya daɗe, rabin awa."

"Wa'adi ya cika, Muhsina."

"Na sani. Don darajar wanda ya haɗa abin nan, rabin awa."

Ya dubi agogonsa, ya dubi mutane, ya ce, "Albarkacin marigayi. Ko minti ɗaya ba zan ƙara ba."

Na shiga na turo ƙofa. Na zuba gutsattsarin goma sha biyu a kwamfutar, na shimfiɗa takardar Malam a gefe, na fara buga umarnin. Da na zo kan layukan sai yatsuna suka tsaya. Ƙarfe biyu da rabi ta wuce. Sola za ta ja awa uku, in ta yi ƙoƙari. Layi uku ke nan yau, sauran sai gobe, na takwas kuwa sai goben da azahar. Rabon gonar Rahamatu da ruwa tun Litinin, a kan rairayi, a wannan zafin. Babu wanda ya san sirrin jerin nan a duk fadamar sai ni. In an tambaya sai in ce na'ura ce ta ga dama.

Na buga layi8.o a gaba, sannan ɗaya, biyu, uku.

Ban ji shigowarta ba. Sai warin taɓo na ji, na waiga na ga Rahamatu a bayana, zaninta a jiƙe har gwiwa, wuyanta ya ƙage saboda jarka. Ta ƙura wa allon ido.

"Ban iya Turanci ba, Muhsina, amma na san takwas. Me take yi a gaban ɗaya?"

Na rage murya na yi mata bayani. Na ce yanzun nan ruwa zai isa gonarta, kafin na kowa.

"Shi da yana raye, a ina ya sa mu?"

"A ƙarshe."

"To."

"Anti Rahamatu, albasarki ba za ta kai gobe ba!"

"Na fi ki sani, ni nake ɗaukar jarkar." Ta nuna ƙofa da hannu. "Kina ganin na waje makafi ne? Ƙanwarsa ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ruwa ya tsallake layi bakwai ya faɗa gonar matarsa. Kafin magariba sun fasa akwatunan. Kuma za su ce da ma can haka yake yi, shekara huɗu yana cutarsu ba su sani ba. Bana kawai zan sha, baɗi fa? Yaran nan a fadamar nan za su girma."

Na ce mata wannan zalunci ne, wanda ya fi ƙishi shi ya kamata ya fara sha. Ta ce in fita in faɗa wa mai gudumar haka. Aka buga ƙofa, aka ce saura minti biyar.

Na goge takwas daga gaba, na mai da ita inda Yaya ya ajiye ta. Ina bugawa hawaye na ɗiga a kan maɓallan. Na danna. ld bai ce uffan ba, shi in ya gamsu shiru yake yi. Na tayar da shirin. Famfo ya yi gurnani, can waje akwati na ɗaya ya yi ƙas, sai ihu da kabbara. Ta taga na ga ruwa na gudu cikin gonar Alhaji Maikasuwa, wadda ƙasarta baƙa ce mai riƙe laima, ko mako za ta iya yi ba ta ji ba. Mai guduma ya sauke ta, da alama ma bai ji daɗi ba. Alhaji ya leƙo ya sa mini albarka, ya ce jinin Sharfu ba ya ƙarya. Na amsa da amin ban ɗago kai ba.

Layi uku suka sha rana ta faɗi. Ni da Rahamatu muka yi ta jigilar jarka har aka kira magariba, muka koma da sassafe muka ci gaba. Rairayin nan ko a jikinsa.

Asabar ana kiran azahar akwati na takwas ya yi ƙas. Muna tsaye a bakin gona muka ga ruwan na tahowa a magudana, yana turo busasshen ganye a gaba. Rahamatu ta ɗauki fartanya ta shiga. Ta tsaya a fangali na farko, ta sunkuya ta ja albasa ɗaya, ganyen ya biyo hannunta kamar tsumma. Ta ja ƙasa ta toshe bakin fangalin. Ta toshe na biyu, ta toshe na uku. Ina biye da ita ina ƙirgawa, tun da yanzu na koyi ƙirga. Goma sha tara ta toshe. Sha ɗayan da jarka ta riƙe wa rai su ta buɗe wa ruwa.

A nan na kasa riƙewa. Na ce, "Anti, ni na goge laftof ɗinsa. Da ban goge ba, tun Laraba ruwa ya taso."

Ba ta daina jan ƙasa ba. Ta ce, "Na sani. Ina ɗakin Umma lokacin, ina jin ki. Har na ji daɗi, don hotunana na ciki babu ɗankwali."

Ta miƙe ta dafa ƙugu, ta dubi fangalin da ta toshe, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo mini fartanyar.

"Awa ɗaya Yayanki ya ba mu, kamar kowa. Riƙe nan, kada ya malala inda babu amfani."